Jiran Gida a Sukukutane

A ƙasar Hausa ba a rufe gida a tafi. Ko da akwai kwado mai ƙarfi a ƙofa, mai tafiya mai nisa sai ya nemi wanda zai kwana a ciki, ya share tsakar gida, ya ba dabbobi ruwa, ya amsa sallama. Gidan da ba a jin motsin mutum a cikinsa, gara da ɓeraye ne farkon baƙinsa, ɓarawo na biye. Akan ɗora wannan nauyi a kan saurayin da ba shi da iyali, ba shi kuma da aikin da ya riƙe shi, irin wanda dangi ke cewa "ai shi zaune yake". A ƙarshen 2008 ni ne zaunannen danginmu. Na gama makaranta a Maraɗi, aiki bai samu ba, sai ga saƙo daga kawuna, malamin gona da aiki ya kai shi Arewa, ƙasar Dogon Dutse a Nijar, har ya gina gida a Sukukutane. Shi da mai ɗakinsa sun sami kujerar Makka, aikin Hajjin shekarar ya faɗo cikin watan Disamba, 'ya'yansa suna karatu a Yamai, yana son in zo in riƙe masa gida har su dawo.

Kafin nan, abin da na sani game da Arewa bai wuce abin da matafiyi ke gani ta tagar mota ba. In ka taso daga Maraɗi za ka Yamai, ka wuce Birnin Ƙonni, sai jajayen duwatsu masu shafaffen kai su fara bayyana, a tsaya a Dogon Dutse a yi salla, a sayi tsire, a wuce. Sukukutane kuwa sai ka sauka daga kwalta ka yi arewa, ka bi jar hanya ta Matankari, ka yi ta ratsa yashi da gonakin hatsi da aka girbe, kara na tsaye, shanun Fulani na kiwo a ciki. Ƙasar tana kwance ne a jikin Dallol Mauri, tsohon kwarin kogi da ya ƙafe tun zamanin da, wanda ya gangaro daga arewa ya nufi kogin Kwara wajen Gaya. Kogin ya tafi, amma ya bar ruwansa a ƙarƙashin yashi. Shi ya sa a kan tudu sai a sha wuyar haƙa kafin a tad da ruwa, a fadama kuwa rijiya ba ta da zurfi, garuruwa kuma suka jeru suna bin kwarin.

Kawu bai yi dogon jawabi ba. Ya zaga da ni ya nuna mini rumbunan hatsi, da awaki, da ragon da ya turke don layya, da zabin da ke kwana a kan aduwar bayan gida, da lambun albasarsa a fadama, da tsohon babur ɗinsa a zaure. Ya ce, "Ga mai a jarka, ga gari, ga ƙasa. Duk inda ranka ya so ka je ka gani. Abu ɗaya na roƙe ka, ɗana, kada magariba ta yi maka a waje. Bisa ba ta san uzuri ba." Wannan sharaɗi shi ya yanka mini iyakar yawona. Duk garin da ba zan iya zuwa bayan na ba dabbobi dusa da safe, in dawo kafin awaki su komo daga kiwo ba, ya fi ƙarfina.

Abin da kawu bai faɗa ba, sai da motarsu ta tashi na gano shi. Mai jiran gida ba baƙo ba ne. Baƙo akan tarye shi, a shimfiɗa masa tabarma, a yi masa rakiya. Mai jiran gida kuwa gadon mai gida yake ci da ransa: maƙwabtansa, da gaishe-gaishensa, da wurin zamansa a majalisa, da bashin zumuncin da ake binsa. Aka yi rasuwa a unguwa, ina zaune a zaure ina tunanin ba ni da wanda na sani a gidan, sai wani dattijo ya leƙo ya ce, "Tashi mu tafi, yaro. In ba ka je ba, cewa za a yi gidan malamin gona bai zo ba." Aka yi suna, aka aiko da goro da sunan gidan, ni na karɓa, ni na je na zauna a sahun dattawa ina sunkuyar da kai. Wani ya zo aron galma, wani ya zo tambayar maganin tsutsar da ke cin kabejinsa, na ce ban san komai a kan wannan ba, ya ce ba komai, in dai rubuta sunansa malam ya gani in ya sauka. Kafin a jima na daina zama ɗan Maraɗi, na koma "na gidan malam", kuma da wannan suna ƙofofin Arewa suka buɗe mini.

Ta fuskar abinci, ban ɗora tukunya ba sai don shayi. Tun daren farko wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da mu ta miƙo kwano ta kan darni, ta ce, "Karɓi, ɗan nan. Kada kawunka ya komo ya ishe ka a rame, ya ce mun bar ka da yunwa." Tuwon hatsi ne, mai duhu, mai nauyi, da miyar kuka da aka kaɗa da daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Warinta ya fi na daddawar kalwa kaifi, amma in harshe ya saba da ita sai miyar da ba ta ciki ta zama lami. Na ce, "Inna, wahalar ta yi yawa." Ta ce, "Wahala tana gona. Wannan ci ne." Daga ranar kwano bai daina tsallako darni ba. Abin da na iya yi kawai shi ne in auna mata hatsi daga rumbun kawu, kamar yadda ya umarta, in kuma tara mata ƙwan zabi in an samu.

Arewa ƙasar hatsi ce, kuma rana a can da sautin turmi take farawa. Tun kafin asalatu ake jin sussuka da surfe daga gida zuwa gida, zuwa hantsi fura ta nuna. Ba irin furar birni ba mai sukari da ƙanƙara. Wannan an kirɓa ta da barkono da citta da kanumfari, a dama da nono mai tsami a ƙwarya, a sha da ludayin duma, kuma ita ce abincin rana na manomi da maƙeri da mai gari baki ɗaya. Nonon wata Bafulatana ce ke kawowa daga ruga, ba ta kuma taɓa shigowa unguwa ta fita ba a yi faɗan wasa ba. Arawa, wato mutanen Arewa, da Fulani taubasan juna ne. Ita ta ce duk mutanen unguwar bayinta ne, su su ce ta tsuga wa nonon ruwan rijiya, a yi ta musayar baƙar magana ana dariya, ciniki ya faɗa a tsakiya. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasai na Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Ni dai a bakin wannan mata na fara ganin amfaninsa, domin a lokacin kaka, sa'ad da shanu ke sha'awar shiga gonar da ba a gama kwashewa ba, dariyar nan tana kashe wutar da alƙali ba zai iya kashewa ba.

Da la'asar 'yan mata kan zaga da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗanyar albasa, wanda Zabarmawa da mutanen Yamai ke kira kopto, da dafaffiyar gujiya mai gishiri, da soyayyar fara da yaji. Yara kuma aljihunsu cike da magarya da goriba. Amma abin da Sukukutane ta yi suna da shi shi ne albasa. Kowa a Nijar ya san jar albasar Galmi, wadda manyan motoci ke kwasa zuwa Gana da Kwaddibuwa. Ta Sukukutane fara ce, har masana aikin gona suna kiran irin da sunan garin. Lokacin da na je ana tsakiyar dashe, ni kuma aka bar mini ban ruwan lambun kawu tare da wani saurayi tsarana, ɗan tsohuwar nan mai tuwo. Mukan sauka fadama da sanyin safiya, hazo ya rufe gari, hannu na ƙanƙarewa a jikin igiyar guga. Shi ya ja ruwa ya zuba a kwatarniya, ni in ɗiba da ƙwarya in bi fangali ɗaya bayan ɗaya ina watsawa a hankali don kada ruwa ya kwantar da dashen. Ya nuna mini yadda ake gane fangalin da ya ƙoshi: a danna yatsa a gefe, in ƙasa ta kama yatsan ta sake shi da laima, a wuce gaba. A gidansu na ga gabun bara a cikin tukunya, wato albasa da lawashinta da aka daka, aka shanya, aka adana, wanda ke riƙe miya har damina ta zagayo. Inna takan gutsuro kaɗan ta soya a mai, ƙamshin ya cika unguwa.

Wannan abokin ban ruwa shi ya zama ɗan jagorana. Yana da zanen Arawa, layi biyu daga gefen baki zuwa kunne a kowane kunci, kuma duk garin da muka shiga sai ya sami wanda zai kira kawu ko gwaggo. Da ɗan gari akan ci gari. Farkon inda ya kai ni Bagaji ne, ƙaramin gari a kan hanyar Matankari wanda mai wucewa ba zai ɗaga kai ya dube shi ba. Nan ne mazaunin Baura, babban mai riƙe da al'adun Gubawa, mutanen da suka riga kowa zama a wannan kwari. Wani tsoho a gindin gawo ya ba mu tarihin kamar yadda ya ji daga kakanninsa: wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya zo ƙasar da mayaƙansa, Baura ya ba shi 'yarsa, ta haifi ɗa aka sa masa Akazama, daga gare shi sarautar Arewa ta samo tushe. Tun daga nan aka raba aiki, jikokin Ari suka riƙe sarauta da doki, Gubawa suka riƙe ƙasa da abin da ke cikinta. Da muka ƙarasa Matankari, tsohon mazaunin Sarkin Arewa kafin Turawan Faransa su mai da mulki Dogon Dutse, sai na lura mutanen garin har yanzu suna tafiya da ƙasaitar waɗanda suka san gidansu ne gidan sarauta, ko da hukuma ta ƙaura.

Tafiyar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta Lugu. Mun tashi da sassafe, na roƙi Inna ta duba mini awaki in rana ta yi, muka bi hanyar yashi da ta sha tilasta mana sauka mu tura babur. Tun ina makaranta na san sunan Sarauniya Mangu ta Lugu. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. A raina na zana birni mai ganuwa da ƙofofi. Abin da na tarar ƙauye ne na bukkoki da rumbuna a gindin duwatsu, shiru, kaji na tono. A nan ne, ranar 16 ga Afrilu 1899, maharban Sarauniya suka tari rundunar hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, wadda ta taso daga yamma za ta tafkin Cadi tana ƙona garuruwa a hanya. Garuruwa da yawa sun watse tun kafin rundunar ta iso, wasu sun ba da hatsi da dabbobi don su tsira. Mutanen Lugu suka tsaya da baka da kibiya, da bindiga ta fi ƙarfinsu suka janye cikin sarƙaƙiyar daji inda doki ba ya shiga. Rundunar ta wuce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu, a watan Yuli kuma sojojinsu da kansu suka harbe hafsoshin biyu a kusa da Maijirgi, ƙasar Tasawa. A Lugu ba wanda ke ganin wannan ƙarshe a matsayin katari.

Sarautar ba ta mutu ba. Mun tuɓe takalma, aka yi mana iso wurin Sarauniyar wancan lokaci, tsohuwa cikin farin zane, zaune a bukkarta, magana ƙasa-ƙasa. Abokina ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ga na gidan malamin gona na Sukukutane. Ta tambayi lafiyar mai gidan, aka ce yana Makka, ta ce Allah ya dawo da shi lafiya, ta sa aka kawo mana ruwa. Iyakar abin ke nan, kuma ya ishe ni. A waje aka ba mu labarin Tunguma, dutsen da Gubawa ke cewa shi ya jagorance su daga Daura har ya tsaya a wannan wuri, wanda ake kai wa ƙarar sata da rikicin gona. Aka kuma bayyana mana tarkama: in Sarauniya ko Baura ya rasu, ana ɗaukar gawar a kai, inda ta nufa da masu ɗauke da ita nan magaji yake. Ni Musulmi ne, abokina ma haka, a hanyar dawowa muka tsaya muka yi azahar a inuwar kalgo. Amma ban ga dalilin da zai sa mutum ya ƙi sanin abin da kakanninsa suka tsaya a kai ba, balle ma in su ne suka tsaya ranar da wasu suka gudu.

Juma'a ta Dogon Dutse ce, ranar babbar kasuwa. Sai an yi sammako sosai, a yi ciniki a gaggauce, a yi salla a juyo. Kasuwar tana tara Arawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye da fataken Najeriya daga wajen Kabi, sefa da naira suna yawo hannu da hannu. A can na ga gishirin Foga da kanwa a jere, da buhunan wake da gujiya, da tabarmin kaba, da raƙuma a kasuwar dabbobi. Muka ci masa da miyar taushe a rumfar wata mata, muka sayi kilishi na tsaraba ga Inna, sannan muka hau gefen dutsen da ake kira Tozon Bijimi. Daga sama garin duka yana tafin hannunka: kwalta ta ratsa shi ta yi gabas da yamma, tafki na ƙyalli, lambuna kore a bakinsa, kwarin Dallol ya miƙe kudu har ido ya gaza. Abokina ya nuna can ƙasa ya ce Tibiri tana wajen, garin Samna Ƙarfe da ya haɗa kai da Kabawa da Zabarmawa suka yaƙi Gwandu a ƙarni na 19. Tibiri ta wuce iyakar da awaki suka yanka mini, don haka daga kan dutse na gaishe ta. A lokacin tana ƙarƙashin Dogon Dutse, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta.

Babbar Salla ta same ni a can. Kawu ya bar wasiyya a yanka ragonsa a raba kamar yana nan. Bayan an sauko daga idi liman ya yanka nasa, dattijon nan da ya fara ja na zuwa gaisuwar mutuwa ya zo ya yanka namu. Aka feɗe, aka buɗe ragon aka tsire shi da sanduna biyu a gicciye, aka kafa shi tare da na maƙwabta a kewayen wuta guda babba a ƙofar gida. Yini guda ana juya su, kitse na ɗiga, samari na ƙara itace, mata na soya kayan ciki a cikin gida. Ba a taɓa naman ba sai washegari. Da safe Inna ta zauna a kan tabarma ta riƙa faɗa mini gidajen da kawu ya saba aika wa, ni ina yanka ina sa wa yara a kwano: gidan liman, gidan mai gari, gidan wata gwauruwa a ƙarshen gari, rugar mai nono. Ba ta manta gida ko ɗaya ba. Kafin azahar kuma kwanuka suka fara shigowa daga wasu gidajen, har naman da ya dawo ya kusa kai wanda ya fita.

Da alhazai suka sauka, gari ya fita tarye. Kawu ya zaga gida, ya duba rumbu, ya ƙirga awaki, ya sauka fadama ya ga albasa ta yi kore shar. Ya sa mini albarka, ya ba ni hula da dabino da ruwan zamzam. Na san rabin albarkar ta Inna ce da ɗanta, na kuma faɗa masa haka. Ya ce ai ya sani, shi ya sa ya tafi hankalinsa kwance.

Yau shekaru sun ja. Kawu ya yi ritaya ya koma Maraɗi, Inna ta riga mu gidan gaskiya, abokina ya zama mai iyali, mukan gaisa ta waya. Labarin da ke fitowa daga arewacin Dogon Dutse a 'yan shekarun nan ba mai daɗi ba ne. Rashin tsaron da ya addabi yammacin Nijar ya taɓa yankin, hanyoyin da muka bi mu biyu a kan tsohon babur ba tare da fargabar komai ba sai ƙaya, yanzu sai an tambaya kafin a bi su. Tsofaffin da ke ba da tarihi a gindin gawo suna ta raguwa, matasa kuma suna can Yamai da Lagos da Kwatano wajen neman kuɗi.

Mu Hausawa mutanen tafiya ne, mun san Makka, mun san Kumasi, mun san Kartum, amma da yawanmu ba mu taɓa sauka daga kwalta mun ga Lugu ko Bagaji ba, alhali a nan wani babban yanki na tarihinmu yake zaune da ransa. Ina roƙon hukuma ta tsare wa mutanen Arewa hanyoyinsu da kasuwanninsu, malaman jami'o'inmu kuma su hanzarta ɗaukar maganar tsofaffin nan tun suna da sauran numfashi. Kai kuma saurayi, in wani ɗan'uwa ya ce ka zo ka jira masa gida a garin da ba ka sani ba, kada ka ce ƙauye ne. Ka je, ka gaida maƙwabta, ka halarci jana'iza da suna, ka ci abin da aka miƙo maka. Allah ya zaunar da Arewa lafiya, ya jiƙan waɗanda suka ciyar da mu.